Dan Allah wa ya san wasu gajerun finafinan Asiya irin na tsohon nan mai lofe?

Maman_Hanif:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Shekaranjiya da daddare ƙanina ya turo min wani katun na ƙasar Japan wai Tsumiki no Ie, na wani Kunio Kato, minti 12 ne kacal kuma daga farko har ƙarshe babu wanda ya yi magana. Wani tsoho ne yake zaune shi kaɗai a garin da ruwa ya cinye, duk sanda ruwan ya ƙaru sai ya ɗora sabon ɗaki da bulo a saman na da ya koma ciki. Rannan lofensa ya suɓuce ya faɗa ƙasa ta wata ƴar ƙofa da ke daɓen ɗakin, sai ya sa kayan nutso ya bi shi, to duk ɗakin da ya sauka sai abin da ya faru a cikinsa ya dawo masa, ga inda ya yi jinyar matarsa, ga inda ƴarsu ta kawo mijin da za ta aura, ga inda take rarrafe, har can ƙasa ɗakin farko da suka gina da hannunsu shi da matar. Wallahi ban san sanda hawaye ya zubo min ba. Bara Baba ya rasu, kuma har yau in na je gida bana iya zama a zaurensa, tabarmarsa da butarsa suna nan inda ya bar su. Ni dai tambayata, akwai wasu irinsa? Gajeru nake so saboda data da kuma yara, kuma wanda ba sai na iya yarensu ba.

Ɗan_Fagge:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta, ya ba ku haƙuri. Wannan katun ai shi ya ci Oscar, babbar kyautar finafinai ta Amurka, a ɓangaren gajeren katun a 2009. Sai dai in za ki kalla da yara ki sani a ƙarshe akwai inda yake zuba giya a kofi biyu.

Ki nemi Nan va Kucheh, ma'anarsa gurasa da lungu, fim ɗin farko na Abbas Kiarostami ɗan Iran, 1970 ya yi shi, baƙi da fari ne wajen minti 10. Yaro ne aka aika sayo gurasa, yana dawowa sai ga kare ya tare lungun gidansu yana haushi. Shikenan labarin fa. Ya tsaya yana jiran wani babba ya zo ya bi bayansa, wani dattijo ya zo ya bi shi, dattijon ya karya kwana ya shige wani wajen ya bar shi, daga ƙarshe dai ya gutsiri gurasar ya jefa wa karen, sai ga shi karen na binsa yana kaɗa wutsiya har ƙofar gida. Duk wanda aka taɓa aika sayen ƙosai da sassafe a lungun da ke da kare ya san wannan tsoron, ni da na gani sai da na tuna har ƙamshin lungunmu. Shi Kiarostamin daga baya a 1997 ya ɗauki babbar kyautar bikin finafinai na Cannes a Faransa, amma ni wannan ƙaramin na fi komawa kai.

Malama_Zee:
Allah ya gafarta masa Maman Hanif. Mu da muka taso da finafinan Indiya mun ɗauka Indiya sai rawa da waƙa da awa uku, to ki duba Two na Satyajit Ray mutumin Kolkata, 1964, shi ma babu magana ko ɗaya. Ɗan masu kuɗi ne shi kaɗai a ƙaton gida cike da kayan wasa, ya leƙa ta taga ya hango ɗan talakawa a bakin bukkarsu yana busa sarewa, sai ya ɗauko kakakin wasansa ya danne sarewar, wancan ya ɗauko ganga wannan ya ɗauko abin da ya fi ta, haka dai har yaron ya saki ƴar tsuntsuwar takarda sama yana murna, shi kuma ya sa bindigar iska ya harbo ta. Abin da ya tsaya min a rai shi ne bayan duk wannan sai kawai ka sake jin sarewar tana tashi, shi kuma mai kayan wasan ya zauna shiru. Na nuna wa ƴan ajina, wata yarinya ta ce Malama ai so yake su yi wasa tare bai san yadda zai faɗa ba ne.

Abu_Sadiq:
Gaskiya ni ban yarda sai babu magana fim yake taɓa zuciya ba. The Present na Farah Nabulsi, na 2020, akwai magana da Larabci kuma ya fi duk waɗannan girgiza ni. Yusuf ne da ƴarsa Yasmin a Gaɓar Yamma da Kogin Jordan, a Falasɗinu, suka fita sayo wa matarsa firji na murnar cikar shekarar aurensu, abin da bai kamata ya wuce awa ɗaya ba ya cinye musu wuni saboda shingayen sojoji, har keji aka sa shi a gaban ƴarsa ga ciwon baya yana fama da shi. Ƙarshen ba zan faɗa ba. Ya ci BAFTA, kyautar finafinai ta Birtaniya, a 2021. Minti ashirin da wani abu ne, ya ɗan fi sauran cin data.

Maman_Hanif:
Amin amin, na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Na kalli na yaron da karen ɗazu da Hanif, da aka rufe ƙofa aka bar karen a waje sai ya ce Mama to shi wa zai ba shi abinci gobe. Abu Sadiq naka sai ranar da na ji zuciyata za ta ɗauka. Jumu'a in Allah ya kai mu zan je gida, ina so in nuna wa Hajiya na tsohon nan, amma ban sani ba ko ya yi mata wuri, waɗanda suka taɓa rashi me kuka gani?