Zan sayi babban madubin hangen taurari: inci 8 ko inci 12?

Ɗan Gusau:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni a wannan harka. Tun husufin ranar 29 ga Maris 2006 sama ta shiga raina. Ina sakandare lokacin, da hantsi gari ya rufe da duhu, kaji suka nufi akurki, manya suka shiga salati. Yau shekara biyu ina leƙe da ƙaramin madubi mai faɗin milimita 70. Na ga ramukan wata, na ga watannin duniyar Mushtari (Jupiter) guda huɗu jere a gefensa kamar ƙwayoyin gishiri. Abin da ya wuce nan kuwa sai hayaƙi-hayaƙi. Yanzu na ɗan tara kuɗi, ina so in yi odar irin na Dobson, wato babban bututu mai madubi a ciki da ke zama a kan akwatin katako, kuma zuciyata tana kan mai faɗin inci 12 tunda sayen sau ɗaya ne. Haya nake a saman bene, abin hawana babur.

Baba na Zariya:
Wa alaikumus salam ɗana. Jimlarka ta ƙarshe ita ta amsa tambayarka, amma bari in ba ka labarina.

Gaskiya ne, faɗin madubi shi ne jari. Aikinsa tara haske, kamar yadda faffaɗan baho ya fi kofi tarar ruwan sama. Inci 8 yana tara hasken da ya ninka na milimita 70 ɗinka kusan sau takwas. Inci 12 kuma ya ninka inci 8 sau biyu da ɗoriya. Wannan lissafin ne ya ja ni na sayi inci 12 da na yi ritaya. Ranar da ya iso sai da aka sa yara biyu suka kama. Bututun kaɗai ya kai kusan mita ɗaya da rabi, kaurinsa ba na iya rungumewa, ga akwatin katakon da yake zama a kai. Watan farko kullum ina waje. Daga nan sai ya koma in yaran suna nan a fitar, in ba sa nan in haƙura. Dare ya yi kyau, ina tsaye a tsakar gida ina kallon sama da ido, madubi yana ɗaki a lulluɓe. Abin ya dame ni ƙwarai. Na sayar, na sayi inci 8. Shi ina ɗaukarsa kashi biyu, gindi daban, bututu daban, kafin shayi ya huce na kafa.

Shi kansa John Dobson da aka sa wa abin sunansa, a bakin titunan San Francisco yake kafa nasa don masu wucewa su leƙa, kuma da tarkacen katako da bututun kwali yake haɗa su. Manufarsa abu mai sauƙi wanda za a riƙa fitarwa.

Malama daga Kano:
Ni dai gargaɗi ɗaya zan ƙara, don na ɗanɗana. Na fara da wani da aka rubuta 525x ɓaro-ɓaro a kwalinsa, da hotunan taurari masu launi. Ɗalibaina na saya wa. Ƙafafunsa uku sirara ne, ko numfashi ka yi kusa da shi sai wata ya kama rawa. Muka yi dare uku ba mu ga abin kirki ba, yaran suka daina zuwa, kuma wannan ya fi asarar kuɗin ciwo a wurina. Daga baya na koyi ƙa'idar: girman da madubi zai iya bayarwa hoto bai dagule ba, kusan ninki biyu ne na faɗinsa a milimita. Mai milimita 60 iyakarsa wajen 120. Duk mai tallar da ya fara da yawan ninki kafin faɗi, ka wuce.

Manomi, Bakori:
Baba, a gafarce ni, ni nawa ya sha bamban. Inci 12 gare ni, shekara huɗu ke nan, ban taɓa nadama ba. Amma gidana a ƙauye yake, ƙasa ɗaya, tsakar gida fili. Kafinta ya yi mini faifan katako mai tayoyi huɗu, turo shi nake daga zaure kamar baro. Nan ba fitilar titi, janareta ma ƙarfe goma ta yi shiru.

Daren da ba zan manta ba, farkon damina ne, an yi ruwa da la'asar ya wanke sama tas. Na juya bututu kudu na kamo curin taurarin nan da ake kira Omega Centauri. Da ido ɗigo ne mai dishi-dishi. A cikin madubin kuwa sai ka ce an watsa tiyar gero a kan baƙin mayafi, ƙwaya-ƙwaya har gefe. Na kira mai ɗakina, ta leƙa, ta daɗe ba ta ɗago ba, sai tasbihi take yi. Mu nan Allah Ya ba mu wuri, domin masu kallo a Ingila wannan curin ba ya ma fito musu. Ƙasa da shi akwai taurari huɗun nan masu siffar gicciye, su ma muna samunsu dab da doron ƙasa.

Sai dai ko ni, da a bene nake, ba zan saya ba.

Ɗan Maraɗi:
Ba wanda ya yi maganar ƙura. In hunturu ya kama, hazo kan rufe sama mako guda, ko inci nawa gare ka ba ka ganin komai sai wata. Kuma irin na Dobson bakinsa a buɗe yake, madubin yana can ƙasan bututu. Ni na ga ƙura ta kwanta a kan nawa, na sa gefen riga na goge. Rufin aluminiyam ɗin da ke fuskarsa ya fi fatar albasa sirantaka, sai ga zane-zane har yau. Kada ka taɓa shi da tsumma. Ka rufe baki da gindi duka, 'yar ƙura kaɗan ba ta hana gani. Mafi kyawun dararena suna zuwa ne bayan ruwa, da kuma watan Oktoba kafin iskar hunturu ta taso.

Yayar yara, Kaduna:
Ƙanena, kada ka raina madubin hannu mai ido biyu, 10x50, wato mai ninki 10 da faɗin milimita 50. Kaza da 'ya'yanta sun fi kyau a cikinsa, don babban madubi ba ya ɗaukarsu gaba ɗaya. Da shi na koyi hanyar sama, ina dubawa a manhajar taswirar taurari ta Stellarium a waya. Kuma don Allah a kula da rana. Masu neman jinjirin wata, a bari ta faɗi tukuna. Leƙe ɗaya ta cikin gilashi yana iya ƙona ido har abada, kuma kada a bar shi a kafe da rana inda yara suke.

Manomi, Bakori:
Na manta abu guda. In za ka fita bayan gari da dare, ka sanar da mai unguwa da 'yan banga. An taɓa kewaye ni a bakin gona, sun hango dogon bututu a kafe cikin duhu, a wannan yanayin da ake ciki ba laifinsu ba ne. Na ce su matso, na saita musu Zuhal (Saturn), duniyar nan mai zobe. Babbansu ya ga zoben, ya zagayo ya leƙa bakin bututun ya ga ko hoto na manna a ciki.

Ɗan Gusau:
Na gode, Allah Ya saka. Na auna matakalarmu da igiya ɗazu, inci 12 ba zai ma juya kwanar ba. Inci 8 zan ɗauka. Baba, wane gilashin ido, wato ɗan gilashin da ake leƙawa ta cikinsa, zan haɗa da shi, kuma me zan sa rai in gani?

Baba na Zariya:
Yawancin inci 8 tsawon haskensu, wato nisan da haske ke yi daga madubi zuwa inda yake haɗuwa, milimita 1200 ne. Ka raba da lambar gilashin ido: na 25 zai ba ka ninki 48, na 10 ya ba ka 120. Waɗannan biyun sun ishe ka shekara guda. Ka fitar da shi kamar rabin awa kafin ka fara, madubin ya huce daga zafin ɗaki, in ba haka ba taurari za su riƙa tafasa. Ka koyi saita madubansa biyu su fuskanci juna, domin hawa da saukar bene yana gocar da su. Za ka ga komai a kife, kuma abin da kake kallo zai riƙa zamewa saboda juyawar duniya, sai ka riƙa tura bututun a hankali da hannu.

Kada ka jira launukan hotunan intanet. Gajimaren hasken da ke cikin rukunin taurarin Orion toka-toka zai fito, da taurari huɗu a cikinsa, amma za ka ga fukafukansa in ka ba idonka minti ashirin cikin duhu ba ka taɓa waya ba. Zoben Zuhal ya juyo mana gefe a Maris 2025, yanzu yana sake buɗewa kaɗan-kaɗan kowace shekara. Daren farko ka fara da wata yana kwana bakwai, ka bi layin da haske ya haɗu da duhu, nan inuwar duwatsu take.