Tsohon karen gonarmu ya fara kasa tashi da asuba, a ba ni shawara

Mai Gadin Gona: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah kada a yi mini dariya. Shekara 9 ke nan ina gadin wata gonar dabino a bayan garin Kharj, nan Saudiyya. Da na zo, na tarar da wani salugi (karen farauta) da kafilina, wato ubangidan da ya ɗauke ni aiki, yake zuwa farauta da shi, lokacin bai wuce shekara 3 ba. Da ya sayi ƙanana sai ya bar mini shi. Ni da shi kaɗai muke kwana a gonar nan, akwai ma daren da haushinsa ya tashe ni, ashe maciji ne a bakin ɗakina. To tun da sanyi ya shigo, da asuba sai ya daɗe yana fama kafin ya miƙe, ƙafafun baya na rawa, sai ya ɗan taka yake warewa. Bayan mota ma ya daina hawa. Ina ba shi magani, amma kwana biyun nan abinci sai ya shinshina ya bari.

Baban Hauwa: Wa alaikumus salam. Wane magani ne? Kilo nawa ne karen?

Alhaji Direba: Sanyin ƙashi ne, ba wani abu ba. Ni tun a Gadarif nake kiwo kafin in tsallako ƙasar nan. Ka je wajen masu maganin raƙuma a yi masa allurar dexa (dexamethasone, mai rage kumburi), ka haɗa da maganin ciwo Voltaren, ka shafe ƙafafun da man zaitun da habbatus sauda. Kwana uku za ka ga yana tsalle.

Mai Gadin Gona: Brufen ne, cikin nawa na ciwon baya, rabin ƙwaya safe da yamma. Kwanakin farko wallahi ya ji daɗinsa.

Baban Hauwa: Subhanallah. Ɗan uwa ka dakatar yau. Na yi aiki a wani asibitin dabbobi a Riyad, na ga irin wannan. Brufen da Voltaren suna yi wa kare gyambon ciki, suna lalata ƙoda, kuma ƙin cin abinci yana cikin alamun farko. Ka duba kashinsa, in baƙi ne kamar kwalta, jini ne. Ɗora dexa a kai kuwa shi ne mafi haɗari. Karnuka suna da nasu, meloxicam ko carprofen, da nauyi ake aunawa, a bayar tare da abinci, bayan likita ya gwada jini ya ga lafiyar ƙoda da hanta. Su ma ba a fara su sai cikin ya huta.

Alhaji Direba: Malam, mu da muka tashi cikin dabbobi za a koya wa magani? Gwajin jinin kare! Albashin yaron nan nawa ne?

Maman Sadiƙu: Allah sarki. Kare ake nema wa likita, ni shekara biyu gwiwata ba ta barina in yi ɗawafi a ƙasa. Igamata, takardar izinin zama, ta mutu, asibiti sai dai in gani daga nesa. Glucosamine ɗin da 'yata ta sayo mini a saidaliyya (kantin magani), kwalba uku na sha, kuɗin ne kawai suka tafi.

Baban Hauwa: Allah ya ba ki lafiya Hajiya. A karnuka ma glucosamine bai cika nuna wani abin a zo a gani ba, man kifi mai omega 3 ya fi shi, shi ma sai an yi makonni. Ɗan uwa, a kan siminti yake kwana?

Mai Gadin Gona: A kan buhu yake kwana, ba na barinsa a ƙasa. Kuma ni ba da mugunta na ba shi Brufen ba, kukansa ne ya hana ni barci.

Ɗan Tsangaya: Ba wanda ya ce mugunta ce. Karen farauta da na gona shari'a ta halatta, kuma a Bukhari mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa an gafarta masa. Amma dai kafilin ne ya kamata ya biya, karensa ne.

Alhaji Direba: Kafili? Nawa wata biyar yana riƙe da kuɗina, kullum bukura (gobe) insha Allah. Yaro, yi abin da na ce maka ka huta.

Mai Gadin Gona: Na yi masa magana, ya ce kare ya tsufa, in bar shi. Riyad kusan kilomita 80 ce, ba ni da mota, hutuna Juma'a kaɗai. Na dai rage zuwa sau ɗaya a rana, na ƙara masa bargo.

Baban Hauwa: Ba ragewa na ce ba, dainawa. Kharj garin gonakin shanu ne, ba za a rasa likitan dabbobi a nan kusa da kai ba. Ka duba kashin kuwa?

Alhaji Direba: Ka ce musu dexa mai farar kwalba, sun sani.