Wai wa ke ƙirga littattafan da suka fi kasuwa?

Maman Hanif: Jama'a, na sayi littafi don na ga "wanda ya fi kasuwa" a bangonsa, ko babi uku ban kai ba na ajiye. Wa ke ƙirgar nan?

Malam Sabo: Hajiya, cinikin mako guda kawai ake dubawa. Jaridar New York Times ta Amurka tun 1931 take fitar da jerinta, kuma ba ta faɗin shagunan da ke ba ta alƙaluma. In an sayi littafi a sari, sai ta ɗora masa 'yar alamar wuƙa.

Ummi: Alama kuma? A cire shi mana! Marubuci ya saye littafinsa da kuɗinsa, a ce ya yi fice?

Maman Hanif: Ashe! Ni na ɗauka lambar yabo ce.