Taswirar Wi-Fi daga Ringim zuwa Taura: amfani ko tonon asiri?

Nura: Salamu alaikum. Na bi hanyar Ringim zuwa Taura a babur da manhajar WiGLE a wayata. Duk Wi-Fi ɗin da ta jiyo, sai ta rubuta sunansa da lambarsa da wurin da GPS ya nuna, su fito ɗigo-ɗigo a taswira. Ni dai na ce mu yi wa ƙauyukanmu haka, mai neman intanet ya san inda zai dosa.

Kawu Isa: Amin alaikumus salam. Ɗana, ban goyi baya ba. A ƙauye duk gidan da ke da na'urar Wi-Fi akwai sola, akwai batir. Ɓarawo za ka nuna wa ƙofa.

Nura: Kawu, ai na'urar ce ke shelar sunanta da kanta, kowa ya wuce da waya yana gani. Ba a ɗaukar kalmar sirri, ba a shiga layin kowa.

Malama Hadiza: Nura, mai wucewa daban, wanda ke zaune a Kano yana ƙirga gidajenmu daban. Kuma mutanenmu sunansu ko sunan shago suke sa wa na'urar. Ka tuna da mai POS da ke kwana da kuɗin jama'a. A 2010 Google ma ta amsa cewa motocinta na Street View, masu ɗaukar hotunan tituna, sun kwashi bayanan mutane daga Wi-Fi marasa makulli. A 2011 ta ce wanda ba ya so a sa shi cikin rumbunta na wuraren da Wi-Fi suke ya ƙara _nomap a ƙarshen sunan Wi-Fi ɗinsa. Wa ya san wannan a garinmu?

Bashir: Malama, ɗigon ba kan gida yake sauka daidai ba. Ƙiyasi ne daga inda wayar ta jiyo, shi kuwa Nura titi ya bi.

Kawu Isa: Titin da gida biyar ne a bakinsa, Bashir? Ko yaro ya gane.

Bashir: Haka ne, Kawu. Ni abin da ya dame ni ma sabis ɗin waya ne: ina MTN ke kamawa, ina Airtel ke ɗaukewa. Mace na naƙuda, ana hawa tudu neman sabis a kira mota. Taswirar eriyoyi irin ta OpenCelliD muke buƙata, ita ba ta taɓa gidan kowa.

Nura: Wannan na yarda, Yaya Bashir. Amma Wi-Fi na makarantu da shagunan da ke sayar da shi, su kam ya kamata su fito.

Malama Hadiza: Sai ka je ka tambayi mai shi baki da baki. Waɗanda ka tara kuma kada ka ɗora su a intanet tukuna.

Kawu Isa: Ranar Juma'a bayan masallaci ka same ni mu je wurin mai unguwa da wayar.