Iyafis na Bluetooth da zai riƙe waya da laftof a lokaci guda

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah ina neman shawara. Iyafis na Bluetooth nake so in saya, wanda zan riƙa shiga taron aiki da shi a laftof, in an kira ni a waya kuma in amsa ba sai na cire wannan na haɗa wancan ba. Wasu an rubuta 5.0 a kwalinsu, wasu 5.3. Mai babbar lambar ne ya fi?

Injiniya: Wa alaikumus salam Hajiya. Abin da kike nema ba a lambar yake ba. Ki duba bayanin kayan ko akwai kalmar multipoint, ita ce ke nuna zai iya riƙe na'ura biyu tare. Akwai mai 5.3 da ba ya yi, akwai mai 5.0 da yake yi sarai.

Abu Safwan: Amma Injiniya ai sabo ya fi tsoho sauti ko?

Injiniya: Ba lallai ba ne, ɗan uwa. Lambobin nan na samfurin Bluetooth ne. Da 4.0 ta fito a 2010, babban abin da ta zo da shi shi ne rage cin batir saboda ƙananan abubuwa irin agogon hannu. Ita ma 5.0 ta 2016, ƙarin nisa da saurin da aka yi ta tallatawa a wannan ɓangaren ne na mai ƙaramin cin wuta, ba a hanyar da kiɗa ke bi ba. Daɗin sauti yana ga ingancin sifikar da ke cikin iyafis ɗin, sai kuma tsarin da waya ke matse sautin kafin ta tura. A cikin waɗannan tsare-tsaren, SBC kowa yana da shi. aptX na Qualcomm ne, LDAC na Sony, kuma dole wayar da iyafis ɗin duka su san tsarin, in ba haka ba su koma kan wanda suka yi tarayya a kai. Hajiya wace irin waya ce a hannunki?

Maman Hanifa: iPhone ce.

Injiniya: To kada ki ƙara kuɗi saboda an rubuta LDAC ko aptX. iPhone ba ta amfani da su, AAC take turawa. Ki nemi mai AAC kawai.

Anti Rabi: Bari in tsoma baki tunda maganar taro ce. Ƙanwata, ko wanne kika saya, da zarar manhajar taron ta buɗe makirfon iyafis ɗin za ki ji sautin ya ragu, ya dawo irin na kiran waya. Ba lalacewa ya yi ba, tsarin jin kiɗa daban, na kira daban, hanyar ba ta ɗaukar duka biyun da cikakken inganci. Ni a saitin taron makirfon laftof nake zaɓa, in bar iyafis ɗin don ji kawai. Kuma ki fi damuwa da makirfon fiye da bugun ganga, mutane muryarki za su ji.

Abu Safwan: Nawa yankewa yake yi ko da wayar tana aljihun baya. Jabu ne kenan?

Injiniya: Wataƙila lafiyarsa ƙalau. Bluetooth a zangon 2.4 GHz yake aiki, kuma jikin mutum, da yake yawancinsa ruwa ne, yana shanye wannan siginar. Mita 10 ɗin da ake faɗa a fili ne, ba bango ba mutum a tsakani. Ga Wi-Fi a zangon, ga na'urar ɗumama abinci, har wasu kayan USB 3.0 suna hayaniya a wajen. Shi ya sa yake tsalle tsakanin tashoshi 79, sau 1,600 a daƙiƙa, don ya kauce musu. Mayar da wayar aljihun gaba ka gani, in rawutarku ta Wi-Fi tana da zangon 5 GHz kuma ka mayar da Wi-Fi ɗin wayar can.

Ɗan Autan Zaure: Ni fa duk wannan bai burge ni ba, Yaya. In gem ne, sai ka harba sannan ƙarar ta iso. Mai igiya ba caji ba jinkiri.

Anti Rabi: Auta ita taro ta ce, ba gem ba 😄

Baffa Malam: Ya faɗi gaskiyarsa dai. Abu ɗaya zan ƙara: batirin waɗannan ƙananan ba a cika iya canza shi ba, in ya mutu shi kenan. Mai zama a taro awanni ya fi dacewa da hedifon mai rufe kunne, cajinsa ya fi daɗewa nesa ba kusa ba. Sannan ku riƙa sabunta manhajar wayoyinku. A 2017 an gano wata kafa da aka kira BlueBorne, wadda ake iya shiga na'ura ta Bluetooth ba tare da an haɗa ta ba, sabuntawa ce ta toshe ta. In saƙon neman haɗi ya faɗo daga na'urar da ba ku sani ba, ku ƙi.

Maman Hanifa: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baffa, mai rufe kunnen ba ya zama daidai a kan ɗankwali, ƙaramin zan ɗauka. Injiniya, yaya ake haɗa na biyun in na saya?

Injiniya: Ki fara haɗa shi da wayar, ki kashe Bluetooth ɗinta, ki sake sa iyafis ɗin a yanayin neman haɗi ki haɗa da laftof, sannan ki kunna na wayar. Wasu kamfanonin sai kin shiga manhajarsu kin kunna multipoint ɗin da kanki, a kashe yake zuwa.