Neman shawara: samarin ƙauyenmu sun mayar da ajin makaranta matattarar shaye-shaye

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya hana ni barci. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye a jihar Jigawa. Akwai ajin da iska ta yaye wa rufi a daminar bara, tun daga nan samari suka mayar da shi wurin zamansu. Da an idar da sallar isha'i sai su hallara. Da safe ni nake tsince kwalaben maganin tari da ledojin sholisho da guntayen wiwi kafin yara su shigo. Ranar Talata na makara, wata yarinya 'yar aji uku ta riga ni, ta ɗago kwalba ta ce, "Malam, wa yake mura?" Na rasa abin da zan ce mata.

Yanzu sata ta shigo. An kwance awaki biyu na wata tsohuwa, an ɗauke batirin sola na masallaci, mata sun daina zuwa famfo bayan magariba. 'Yan sintirinmu sun ce daren Juma'a za su kama su, su ɗaure a gindin darbejiya, su zane su. Ga kuma abin da ya fi damuna: ɗan yayana yana cikinsu. In kai ƙara, a ce na tona asirin gida. In yi shiru, ga yaran mutane. Yaya zan yi?

Tsohon ɗan sanda:
Wa'alaikumus salam Malam. Tun kafin Juma'a ka je ka hana maganar dukan nan. Doka ta yarda kowa ya kama wanda ya gani yana aikata laifi, amma ya miƙa shi ga 'yan sanda ba da ɓata lokaci ba. Ba ta yarda ya hukunta shi ba. Yaron da ya sha ƙwaya jikinsa ba ya ɗaukar duka, in ya faɗi bai tashi ba, 'yan sintirin ne za su amsa tuhumar kisa. Ka bi ta kan mai unguwa zuwa dagaci, ku rubuta takarda ɗaya da sunan gari, dagaci da liman da shugaban makaranta su sa hannu, a kai wa DPO, wato shugaban ofishin 'yan sanda na yankinku. Takardar gari ba a jefa ta a kwandon shara kamar ƙorafin mutum ɗaya, kuma sunanka ba zai fito shi kaɗai ba. Ku tambayi kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a na yankinku, wato PCRC, tun 1984 ake da shi, aikinsa ke nan. In an kama wani, ku tuna beli kyauta ne.

Maman Abba:
Malam, ni uwa ce da ta ga wannan a ɗakinta. Nawa ɗan sai da ya sayar da keken ɗinkina. Mun yi duka, mun yi kulle, ba abin da ya canza sai da muka gano mai sayar masa. Ku duk kuna kallon yaran, wa yake kawo kayan? Tun 2018 gwamnatin tarayya ta hana shigowa da sarrafa maganin tari mai kodin, to kwalaben da kake tsinta daga hannun wani suke fitowa, ko mai kemis ko mai babur da ke zuwa ranar kasuwa. Ka tara su a buhu, ka ɗauki hoto, a kai wa hukumar NDLEA mai yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi. Ba kame kawai suke yi ba, suna da sashen nasiha da gyaran masu shaye-shaye. Kuma don Allah ka je wajen yayanka kai da kanka, da daddare, ku biyu. Kada ya ji a majalisa.

Ɗan Kasuwar Laraba:
Ni dai gaskiya lallashi ya yi yawa. A garinmu bulala ce ta kawo sauƙi. Ita tsohuwar da aka sace wa awaki wa zai share mata hawaye?

Tsohon ɗan sanda:
Ɗan'uwa, tambayarka ta tsohuwa gaskiya ce. Amma bulala ba ta dawo da akuya. A zaunar da iyayen a gaban dagaci, wanda ɗansa ya ci ya biya, a rubuta.

Wani manomi daga Haɗeja:
Ku rufe ajin nan mana. Bandir biyu na kwano da ƙofa da kwaɗo, a yi karo-karo bayan sallar Juma'a. Sannan yanzu rani ne, hannunsu ba komai. Masu fadama su ɗauke su ban ruwa, a biya su kullum da yamma. Wanda ya wuni yana jan tiyo barci yake nema.

Mai tambaya:
Allah ya saka muku da alheri. Maman Abba, na bi maganarki, jiya na je wajen Yaya. Ya daɗe bai ɗago kai ba, sannan ya ce ya sani tun kaka, kunya ce ta hana shi faɗa. Shi zai raka ni gidan dagaci gobe. Shugaban 'yan sintiri ya yarda su dakata har a yi zaman. Buhun kwalaben yana ɗakina. Baba tsohon ɗan sanda, takardar nan da Hausa za mu rubuta ta ko sai da Turanci?