Neman shawara: jan oak, farin oak, ko mai hawa-hawa zan shimfiɗa a gidana?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina gab da kammala ginin gidan da zan zauna da iyalina, kuma mun tsayar da magana a kan shimfiɗa katakon oak, wani itace mai tauri na Turai da Amurka, a falo da ɗakunan kwana. Ƙasan gidan duk kankare ne, kuma ba a daɗe da zuba shi ba. Mai sayar da katakon ya nuna mini samfuri uku. Na farko jan oak ne tsantsa mai kaurin milimita 19, falankansa sirara. Na biyu farin oak ne tsantsa, kaurinsu ɗaya da na farko, amma faɗin kowane falanki ya kai santimita 18. Na uku oak ɗin Turai ne mai hawa-hawa, wato fatar oak mai kaurin milimita 4 da aka manne a kan siraran alluna. Uwargida tana son launi mai haske da ya karkata zuwa ruwan toka, ni kuma abin da ke raina shi ne ƙarko, domin muna da yara ƙanana, kuma kicin a buɗe yake zuwa falo. An gaya mini cewa farin ya fi jan tauri nesa ba kusa ba, an kuma ce mai hawa-hawa jabu ne. Don Allah waɗanda suka san harkar su fayyace mini.

Amsar wani kafinta:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka a sabon gida. Maganar cewa farin ya fi jan tauri nesa ba kusa ba ta wuce gona da iri. Ana auna taurin katako da gwajin Janka, inda ake danna ƙwallon ƙarfe mai faɗin milimita 11.28 har rabinsa ya nutse a jikin katakon, sannan a rubuta ƙarfin da aka yi amfani da shi a ma'aunin nauyi na fam. Jan oak yana ba da fam 1,290, farin kuma fam 1,360. Wannan tazara ba ta kai wadda ƙafar kujera ko abin wasan yaro za su bambance ba. Abin da zai lotsa ɗaya zai lotsa ɗayan.

Inda suka rabu da gaske shi ne a ƙananan ƙofofin da ke jikinsu. Ƙofofin jan oak a buɗe suke, har ma idan ka yanki ɗan guntu ka tsoma bakinsa ɗaya a ruwan sabulu ka hura ɗaya bakin, za ka ga kumfa tana tasowa. Na farin kuwa a toshe suke da wani abu da itacen kansa yake tsirarwa a cikinsu, shi ya sa tun da can da shi ake haɗa ganguna da jiragen ruwa. Saboda haka idan ruwa ya zube kusa da kicin, farin ya fi jinkirin sha. Sai dai kada a ɗauki wannan a matsayin cewa ba ya motsi. Daga ɗanye zuwa bushewa sarai, farin oak yana tsukewa da kashi 10.5 cikin ɗari ta gefen da ya bi zoben shekarun itacen (zagayen da ake gani a kututture idan an yanke shi), jan kuma da kashi 8.6 kawai. Ke nan farin ya fi jan kumbura da tsukewa idan danshin iska ya sauya, kuma gwargwadon faɗin falanki, gwargwadon yadda wannan motsi zai bayyana.

A nan ne samfurinka na biyu yake ba ni tsoro. Falanki tsantsa mai faɗin santimita 18 a kan sabon kankare neman matsala ne. Kankare yana ci gaba da fitar da danshi watanni bayan ya yi kama da busasshe, sai ƙasan falankin ya sha, samansa kuma ya zauna a bushe, daga nan gefunansa su ɗaga tsakiyarsa ta lotsa. Idan iska ta bushe kuma, sai ka ga tsaga ta buɗe tsakanin falanki da falanki. Ana iya shimfiɗa tsantsa a kan kankare, amma sai an sa ledar tare danshi, an kafa wani allo a kanta wanda za a buga ƙusa a ciki, kuma hakan zai ɗaga ƙasan ɗakin har ya shafi ƙofofi da matakala. Idan ba a tanadi wannan tsayi tun wajen gini ba, shawarata ita ce ka ɗauki na uku.

Kuma kiransa jabu kuskure ne. Abin da ƙafarka za ta taka oak ne na gaskiya, allunan da ke ƙarƙashinsa kuma an jera su ne kowanne ya gitta wa na kusa da shi, ta yadda idan ɗaya ya nemi kumbura sai ɗayan ya riƙe shi. Mutane suna ruɗa shi da wanda ake buga hoton katako a kan takarda a lulluɓe da roba, alhali wannan wani abu ne dabam.

Amsar wata 'yar'uwa mai jan oak a gidanta:

Malam, ni zan ɗan kare jan oak, domin na ga ana yawan raina shi. Shi ne a falona, yarana kuma a kansa suka yi rarrafe suka girma. Zanen jikinsa yana da ƙarfi da yalwa, kuma wannan zane yana ɓoye ƙarzuwa da lotsawa fiye da na farin, wanda fuskarsa ta fi lafawa. Galibi ma ya fi sauƙin samu. Amma gaskiya ɗaya ce: idan uwargida ruwan toka take so, kada ku saya. Jan oak yana da wani ja-ja a cikin jikinsa da ba ya ɓoyuwa, kuma idan aka shafa masa launin toka ko fari sai ya fito da ruwan hoda. Launi mai duhu ne ke karɓarsa. Farin oak da na Turai su ne suke ɗaukar launin da take so ba tare da gardama ba.

Ku kuma lura da abin da za a shafa a kai. Poliyuretan, wato ruwan da ake shafa wa katako don kariya, mai haɗin mai yana komawa rawaya-rawaya da tafiyar shekaru, wanda hakan zai ɓata launin tokar, mai haɗin ruwa kuwa yana zama garau.

Amsar wani mai aikin gyaran tsofaffin gidaje:

Na yarda da kafinta a kan mai hawa-hawa, amma ina so in ƙara wani abu game da ƙarko, tunda shi ne damuwarka, ɗan'uwa. Masu sayar da tsantsa suna yawan cewa kaurinsa milimita 19 ne, don haka za a yi ta goge shi har jikoki. Ba haka lissafin yake ba. Ana goge falanki ne kawai har zuwa inda harshen da ke gefensa ya shiga ramin na kusa da shi, abin da ke saman wannan mahaɗa kuwa bai wuce kimanin milimita 6 ba. To ka ga fatar milimita 4 ba ta yi nisa da shi sosai ba, za ta ɗauki guga sau biyu ko uku idan mai injin ya iya hannunsa. Abin gudu shi ne mai fatar da ba ta kai milimita 2 ba, domin shi da zarar ya ƙarzu sosai sai dai a cire. Ka karɓi samfurin ka duba bakinsa da idonka, ka auna fatar da kanka, ka kuma ƙirga allunan da ke ƙasa ka tabbata babu rami ko ɓaraka a tsakaninsu.

Oak ɗin Turai a gwajin Janka yana ƙasa da na Amurka guda biyun, wato jan da farin, kusan fam 1,120, amma a zaman gida ban taɓa ganin hakan ya zama abin kuka ba. Abin da na sha gani shi ne baƙin tabo. Farin oak da na Turai suna da sinadarin tanin mai yawa, kuma idan ƙarfe da ruwa suka haɗu a kansu sai wurin ya yi baƙi ƙirin. Na taɓa ɗaga wata tukunyar fure mai gindin ƙarfe a wani falo, na tarar da zobe baƙi daidai girman gindinta ya shiga cikin katakon, wanda sai da aka goge aka sa maganin cire tabo kafin ya dushe. Ku sa wa ƙafafun kujeru da tebura matashi mai laushi, kuma kada a bar bokitin ƙarfe a jiƙe a kai.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karkata ga na uku. Saura tambaya biyu: ta yaya zan san kankaren ya bushe yadda ya kamata, kuma me ake nufi da darajojin da na ga an rubuta a jikin kwalayen?

Amsar kafinta:

Batun daraja mai sauƙi ne, Malam. Kamanni take nufi, ba ƙarfi ba. Daraja ta sama ita ce wadda launinta ya daidaita kuma babu ƙulli, ta ƙasa kuma tana da ƙulli da bambancin launi. Ga gida mai yara ni ta tsakiya nake so, domin sabon tabo yana ɓacewa a cikin na asali. Idan ka samu wanda aka tsaga ta yadda zoben shekarun ya tsaya a miƙe a bakin falankin, ya fi zama lafiya, saboda motsin katako ta wannan fuska kusan rabin na ɗaya fuskar ne, sai dai ya fi wuyar samu.

Batun kankaren shi ne wanda nake roƙonka kada ka yi masa gaggawa. Ba a ma fara gwada shi sai ya yi aƙalla kwana 30, kuma sau da yawa yakan ɗauki watanni kafin ya cancanta. Kana iya yin gwajin farko da kanka: ka manne leda mai faɗin santimita 45 a kowane gefe a kan kankaren, ka toshe gefunanta da salatif, ka bar ta aƙalla awa 16. Idan ka ɗaga ka ga raɓa a jikinta ko wurin ya yi duhu, to da sauran ruwa. Idan ba ka ga komai ba, wannan bai isa hujja ba tukuna, sai mai shimfiɗar ya huda kankaren ya sa na'urar auna danshi, kuma yawancin masu ƙera katakon ba sa yarda a wuce kashi 75 cikin ɗari. Ka nemi a nuna maka lambar da idonka.

Kada a shigo da katakon sai an gama fenti da duk aikin da ya shafi ruwa, an kuma sa tagogi da ƙofofi. Danshin iskar ɗaki da katako ke so yana tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari, don haka ka sayi ƙaramin ma'auni ka rataya a falo tun yanzu. A bar tazarar milimita 10 zuwa 15 tsakanin katakon da bango ko'ina, wadda allon gindin bango zai rufe. Wajen saye kuma ka ƙara kashi 5 zuwa 10 a kan awon ɗakunan, duk daga rukuni ɗaya da aka ƙera tare, ka ajiye ragowar a busasshen wuri, domin idan falanki ya lalace a gaban kicin nan gaba, da wuya ka sake samun launin da ya dace da naka daidai.